Tulun da Ba Shi da Baki

Ranar toyin tukwane Sakinatu ta riga kowa isa matoya, a bayan gari, rungume da wani abu cikin tsohon zane, tana tafe tana dariya ita kaɗai. Duk wanda ya gan ta bara a Gozaki ba zai yarda ita ce ba. Wata takwas cur ta yi a ɗaki, ba zazzaɓi ba ciwon kai, sai wani nauyi a ƙirji da ya hana ta ci, ya hana ta magana, ko wanka sai an yi da gaske. Wata ƙawarta ce ta ja ta asibiti a Malumfashi, likita ya ce ciwon damuwa ne, aka ɗora ta a kan magani, ta samu sauƙi. Abu ɗaya ya tsaya mata a rai. Mahaifiyarta Ladidi har yau ba ta yarda ciwo ba ne. Da Sakinatu ta ɗauko zancen sai ta ce, "Ke dai son jiki ne ya yi miki yawa," ta tashi ta bar mata wurin.

To, abin da ta kasa faɗa shi ne ta zauna ta gina da yumɓu, sati uku tana fama. So take Inna ta gani da idonta, ko sau ɗaya.

Goggo Hajo, ƙanwar babanta, ita ce babbar maginiya, ba a sa wa matoya wuta sai da izininta. Da ta iso tare da sauran mata, Sakinatu ta durƙusa gabanta ta kwance zanen. Tulu ne, amma wane irin tulu! An murɗe masa wuya kamar wankin da ake matsewa, cikinsa duk shatin yatsu ya lotsa, bakin kuma an liƙe shi ruf. Da ta girgiza shi sai wasu 'yan ƙwallayen yumɓu suka yi ƙara a ciki.

"La ilaha illallahu! Wannan abin da kika koyo a kwaleji ke nan?" Goggo ta tafa hannu. "Ku zo ku ga tulun 'yan boko!"

Matan da ke jera randuna suka yo caa. Wannan ta ce asusu ne da ya sha duka, waccan ta ce a'a, jaki ne ya taka shi. Sakinatu ma dariyar take yi don ɗoki.

Sai Goggo ta juya shi sama da ƙasa, ta ɗaure fuska. "Ba zai shiga wutata ba, 'yar nan. Ba shi da mafitar iska. In ya yi zafi fashewa zai yi, ya kwashe min randunan mutane. Kawo wuƙa in buɗe masa baki."

"Goggo, don girman Allah! In aka buɗe bakin ai aikin ya tashi a banza. Haka nake so Inna ta gan shi."

Goggo ta yi mata wani dogon kallo. Masifaffiya ce, kowa ya sani, amma ba ta da wauta. Ta ja tsaki, ta zaro allurar ɗinkin buhu daga kwandonta, ta kifa tulun a cinya, ta shiga murza masa 'yar ƙofa a gindi, a hankali, inda ido ba zai kai ba. "Saura ya yi min ɓarna, ki ga yadda zan yi da ke."

Aka sa shi can gefe, aka lulluɓe tukwane da kara da busasshiyar ciyawa, Goggo ta yi bisimilla ta cinna. Wuta ta tashi fuu! Sakinatu ta kasa zama, ta kasa tsayuwa, sai zagaye matoyar take kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Can wani abu ya ce tas a cikin wutar. Ta dafe kai ta ƙwalla ihu, "Shi ke nan, nawa ne!" Matan suka kwashe da dariya, Goggo ta ce kasko ne, ita ta san kukan kayanta.

Washegari da hantsi aka zo tonon toka. Ladidi ma ta zo ɗaukar randar da ta sa a gina mata. Goggo ta tura sanda ta mirgino tulun, ga shi nan lafiya lau, ja wur, gefe ɗaya wuta ta yi masa baƙin tabo. Sakinatu ta daka tsalle ta rungume Goggo har suka kusa faɗuwa. "Ya fito! Wallahi ya fito!" Ta sure shi da zane, da sauran ɗuminsa, ta kai gaban mahaifiyarta. A nan ne fa murnar ta koma tsoro.

Ladidi ta karɓa tana yatsina. Ta juya shi, ta nemi baki ta rasa. "To ta ina ake zuba ruwan?"

"Ba a zubawa, Inna. Na cikin ma ba ya fita." Ta nuna liƙaƙƙen bakin. "Haka na yi wata takwas ɗin nan. Ina jin ki kina kira, ina so in amsa, babu hanya."

 Ladidi ta girgiza tulun, ta saurara. Ta sa yatsunta cikin shatin yatsun 'yarta, suka zauna daidai. Sai ta nemi wuri a kan wata kifaffiyar randa ta zauna, tulun a cinyarta, idanunta suka ciko. Matan kowacce ta kama gabanta, har Goggo.

"Ni kuwa ina ta yi miki faɗan shara," in ji Ladidi, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ya wuce, Inna."

Ladidi ta girgiza kai, ta goge fuska da bakin mayafi. Ta jawo hannun Sakinatu ta zaunar da ita kusa da ita, ta waiga ta tabbatar ba mai ji.

"Ke, in tambaye ki. In mutum ya kai shekara ashirin a haka, tun rasuwar babanku, wane girma za a yi tulun?"