Wanda Yake Cikin Rigar Kwano

Ni na ɗinka rigar, don haka babu wani mai gilashi da zai koya mini abin da ke cikinta. Guntayen kwano ne da tsohon labule, hular kuwa matatar taliya ce da na aro wurin mai sayar da koshari, dafa-dukan shinkafa da taliya, na bakin titi, ban kuma mayar ba. Cikin wannan tarkacen aka zuba Shahata, wanda daga baya ya zama mijina, ya yi kashi goma sha uku na wasan talabijin a matsayin mutumin da ya faɗo daga wata duniya ya sauka a unguwar Shubra ta Alƙahira.

Sunan da aka rubuta a allo kuwa na Galal Fahim ne. Haka ake yi a lokacin. Babban ɗan wasa ba ya shiga rigar da za ta rufe masa fuska, ina dalili ya jiƙe da gumi gashinsa ya lalace? Sai a ɗauko ɗaya daga cikin 'yan cike gurbi masu zaman jiran aiki a gidan shayi a cusa shi ciki, daga baya shi gogan ya zo ya ɗora murya yana kurɓar gahawa. Galal ya mutu da lambobin yabo. Shahata kuwa shekara hamsin yana faɗa wa duk wanda ya tsaya saurarensa cewa shi ne a ciki, amma ko ɗanmu Hani bai taɓa yarda ba. Hani injiniya ne, kunyar sana'ar ubansa yake ji, kuma wannan ne abin da ke ci wa tsohon rai.

Da muka ji wata ƙungiyar masu son tsofaffin finafinai za ta sake nuna wasan ranar Alhamis bayan la'asar, Shahata ya goge kwat ɗinsa da kansa, ya buga wa Hani waya.

"Sau ɗaya dai, ɗana. Ka zo ka gani da idonka."

"Me zan gani, Baba? Matatar taliya?"

Ya dai zo, yana ta duba agogo.

Ɗakin cike yake da samari masu gemun gayu waɗanda ko iyayensu ba su yi wayo ba lokacin da aka yi wasan. Suna dariya inda babu abin dariya, suna tafi inda mu muke jin kunya. Aka nuna kashi biyu, sannan wani Dakta Midhat ya hau dandamali da gyale a wuya cikin wannan zafin. An ce ya rubuta littafi sukutum a kan wasan. Ya ce ramukan da ke jikin hular idanun hukuma ne masu leƙen talaka. Na yi tsaki har matar da ke gabana ta waiwayo. Ramukan da ruwan taliya ke bi!

Sai ya sa aka maido da hoton baya, wurin da baƙon yake ratsa kasuwa yana jan ƙafar hagu. Sau uku ana maimaitawa.

"Ku dubi tafiyar nan," in ji Dakta, ya dafe ƙirji. "Wata shida marigayi Galal ya yi yana nazarin yadda halittar da ba ta saba da nauyin duniyarmu ba za ta taka ƙasa. Ba a sake yin irinsa ba."

Wata shida! Bas ce ta taka wa Shahata ƙafa a dandalin Ataba yana ɗan shekara goma sha tara, ƙashin ya haɗe a karkace. Mai shirya wasan ma zaginsa yake yi kullum a kan ya bar ɗingishin nan yana ɓata masa aiki.

Shahata ya zunguri Hani.

"Ka gani? Ka ga ƙafar?"

"Baba, rabin tsofaffin Alƙahira ɗingishi suke yi."

Tsohon ya miƙe. Na riƙe masa kwat na ce, "Abu Hani, zauna, waɗannan ba mutanen da za su ji ba ne." Ya fizge. Ya ɗaga hannu ya ce shi ne a cikin rigar, amma muryarsa ba ta wuce layi biyu ba, sai ya fita tsakanin kujeru ya nufi dandamali, yana jan ƙafar hagu kamar kullum.

Wani ya fara dariya, sai ɗakin ya ɗauka. Wayoyi suka tashi sama. Dakta ya washe baki kamar an yi masa kyauta.

"Kun gani? Abin da nake faɗa ke nan! Har tsofaffinmu suna kwaikwayonta." Ya sunkuyo ya dubi Shahata. "Sannu da ƙoƙari, Alhaji, amma ka cika gishiri. Marigayi ba ya jefa kafaɗa haka. Ka koma gida ka ƙara kallo."

Na miƙe na ce masa ƙarya yake yi, ni na ɗinka rigar, hular kuma matatar mai koshari ce. Suka ƙara shewa, sun ɗauka cikin shirin ne. Wata yarinya mai jan gashi ta tare Shahata tana roƙo, wai ya sake yi daga can baya, wayarta ba ta kama farkon ba. Ban taɓa raina taron mutane kamar yadda na raina wannan ba.

Hani ya zo ya kama hannun ubansa, fuskarsa a murtuke, ya juya shi zuwa ƙofa. Na ɗauka zai ce musu wani abu. Sai na ji ya sunkuya yana raɗa masa:

"Baba, don Allah daidaita tafiyar nan har mu fita. Ɗaukarka suke yi."

Kuma ya gwada. Ina bayansu ina kallo, tsoho ɗan shekara saba'in da shida ya cije leɓe yana ƙoƙarin miƙe ƙafar da ba ta taɓa miƙuwa ba tun kafin in san shi.