Girar Umma a Tsakar Rana

Ciwon ya tafi, alhamdu lillahi, amma bai tafi hannu rabbana ba. Maganin da aka yi ta ɗura wa Umma a asibiti ya kwashe gashin kanta, ya haɗa da girarta ya share tas. Na kai dai ɗankwali ya rufa masa asiri. To gira fa? Wa ya taɓa ɗaura wa gira ɗankwali?

Da wata ce, da ta gode wa Allah ta yi gaba abinta. Amma Umma tana da Auta, 'yarta, wadda aka haifa kurma. Da hannu suke magana, kuma duk wanda ya zauna da kurma ya san hannu rabin zance ne, sauran a fuska yake. Ka ɗaga gira, tambaya kake yi. Ka haɗe ta, ranka ya ɓaci ko kana neman bayani. Umma kuwa Allah ya yi mata gira mai kauri, ba ta zama wuri ɗaya, har Auta kan tsokane ta da hannu ta ce, "Umma, rage murya, girarki ta cika ihu."

Yanzu kuwa goshi ya zama fili. Umma ta tambayi Auta ko ta ci abinci, sai Auta ta tashi ta ɗauko kwano, ta zaci umarni ne. Ta yi mata wasa, yarinya ta tsaya tana duban ta, ba ta san ko faɗa ake yi mata ba.

Ana cikin haka bikin yaye ɗalibai na kwalejin su Auta ya matso. A filin wasa za a yi shi, da tsakar rana, a tsakiyar zafin nan mai sa kwalta ta yi laushi. Tun Auta na ajin farko, duk taron da aka yi Umma ce ke tsayawa a gabanta tana mayar mata da jawabi zuwa hannu. Wannan karon Auta ta zauna kusa da ita, ta sunkuyar da kai, ta ce kwaleji za ta kawo mai fassara, Umma ta huta.

"Na warke ai," in ji Umma.

"Na sani. Amma ba na jin ki sosai yanzu, Umma."

Ba da mugunta ta faɗa ba, shi ya sa ma abin ya fi ciwo. Umma ta shiga banɗaki ta saki famfo ta sha kukanta, wallahi ta ji zafin maganar nan fiye da allurar asibiti. Da ta fito ta ɗauki jaka ta nufi shagon ƙanwarta.

Ƙanwar nan 'Yar Gayu ake ce mata, kuma sunan bai yi ƙarya ba. Kayan kwalliya take sayarwa, bakinta kuma ba ya rufuwa sai barci ya ɗauke ta.

"Yaya, yau ke ce a shagona? Ke da kike cewa muna shafa wa fuska fenti kamar bango?"

"Ke dalla rufe min baki. Gira nake so."

'Yar Gayu ta dube ta, ta gane ba wasa ya kawo ta ba. Ta zaunar da ita gaban madubi, ta shafa mata mai, ta bi da hoda, ta ɗauko jagira ta ja mata gira biyu baƙaƙe wuluk, dogaye, an ɗaga su can sama irin na yayi. A cikin shago, ƙarƙashin fanka, kai, abin ya yi kyau! Umma ta fito tana taku ɗai-ɗai.

Bas ce ta tona asiri. Mutane maƙil, taga ba ta buɗuwa, zufa ta karyo daga ƙarƙashin ɗankwali. Umma ta sa gefen mayafi ta goge goshi ba tare da tunani ba. Tun daga nan kwandasta ya daina haɗa ido da ita. Da ta isa gida Auta ta buɗe ƙofa, ta zaro ido, ta ruga ta ɗauko tawul, ta zaci faɗuwa uwarta ta yi a kwata.

Washegari Umma ta kira ƙanwarta gida, ta kulle ƙofar kicin, ta ɗora babbar tukunyar ruwa a wuta.

"Yaya, haihuwa za a yi?"

"Gwaji za a yi. Ki zana ta hagu da wannan, ta dama da wancan. Wadda ta tsira daga tururi ita ce tamu."

Haka suka yi ta fama. Umma ta sunkuya kan tukunya, tawul a ka, 'Yar Gayu tana tsaye tana fifita tana tsine wa zafi. Jagira mai maiƙo ta narke tun kafin ruwa ya tafasa sosai. Mai kamar hoda ta bi zufa ta sauko kunci. Wata mai tsada da 'Yar Gayu ta rantse a kanta ta koma kore-kore, suka kalli juna suka fashe da dariya har Umma ta riƙe ciki. A hankali suka gano ashe man da ake shafawa a ƙasa shi ne ɓarawon. Sai suka daina sa shi a wurin. A goge fata ta bushe ƙarau, a ɗan buga hoda, a ɗauki siririn burushi a ja gashi ɗaya bayan ɗaya da ruwan gira mai bushewa, a sake buga hoda, a fesa abin riƙe kwalliya. In zufa ta zo kuma, a danna da tishu, kar a kuskura a goge.

Ranar da gira ta tsira daga tukunya, Umma ta hau saman bene ta yi shanya da rana tsaka, ta sauko girar tana nan daram. Ta je ta tsaya gaban Auta tana jiran yabo. Auta ta dube ta, ta sake duba, ta ce, "Umma, me kike tambaya ta tun ɗazu?"

Innalillahi! Ashe girar yayi da aka ɗaga sama ta bar ta cikin mamaki har abada. Ko ta haɗe rai, girar tana can sama tana tambaya.

Umma ta koma kicin wurin ƙanwarta a fusace. "Ke, ba amarya na ce ki mayar da ni ba! Zan haɗe rai, ki sa yatsa ki ji inda naman yake motsi. Nan za ki zana."

"Yaya, za ta fito ƙasa-ƙasa fa, ba yayi ba ne."

"Yayi ya ci gidansu. Zana."

Suka ɗauko tsohon hoton Umma suka jingina da gwangwanin sukari. 'Yar Gayu ta bi da yatsa, Umma tana ɗagawa tana haɗewa, har aka fitar da tsohuwar girar nan mai kauri, da ɗan karkacewar ta hagu da komai. 'Yar Gayu ta ja da baya ta duba. Ta juya wai tana neman murfin hoda, alhali hawaye take ɓoyewa.

Da safiyar biki Umma ta tare Auta a bakin ƙofa. "Mai fassarar kwaleji zai tsaya kan dandamali. Ni zan tsaya a gefen layinku. In tawa ta narke, ki dube shi, ba zan ji haushi ba." Ƙarya take yi, za ta ji. Auta ta kalli girar, ta kalli sama inda rana ta fara hucinta, ta gyaɗa kai kawai.

Rana kuwa ta zo da niyya. Rumfuna ba su ishi kowa ba. Iyaye mata da suka sha kwalliya tun asuba suka fara narkewa a kan kujeru, hoda ta yi layi-layi, kwalli ya gangaro. Umma tana tsaye a fili, ba inuwa, zufa na bin bayanta. 'Yar Gayu tana gefe da tishu tana raɗa mata, "Danna, Yaya, kar ki goge! Danna na ce!"

Shugaban kwaleji ya fara jawabi. Auta tana cikin layi da doguwar rigar yaye, idonta a kan mutumin dandamali. Umma ta ɗaga hannu ta fara duk da haka. Shugaba ya yi wani barkwanci a kan ɗaliban da ba sa zuwa aji sai ranar jarrabawa, Umma ta mayar da shi, gira ta tashi ta sauka. Auta ta ɗan waigo. Ta mayar da kai dandamali. Ta sake waigowa, sai ga dariya ta kufce mata, daidai lokacin da sauran ɗalibai suke yi.

Daga nan ba ta ƙara kallon dandamali ba.

Can shugaba ya ce, "Ko kun san wace ce ta fi kowa a bana?" Umma ta mayar da tambayar, gira a sama. Da aka kira sunan Auta, ta kasa haɗa ko harafi ɗaya da hannu. Fili ya kaure da tafi, 'Yar Gayu tana ihu tana tsalle da dogayen takalmanta. Umma ta nuna Auta da yatsa kawai, girarta ta haye har ƙarƙashin ɗankwali, hawaye da zufa suka haɗu suna zuba, kuma ko gashi ɗaya bai goge ba.

Auta ta miƙe. Kafin ta nufi dandamali ta tsaya, a gaban dubban mutane, ita ma fuskarta jiƙe sharkaf, ta ɗaga hannuwa biyu ta yi wa uwarta magana.

"Me ta ce? Yaya, me ta ce?" in ji 'Yar Gayu tana jijjiga ta.

Umma ta danna tishu a goshi, tana dariya tana kuka.

"Wai in rage murya. Girata ta cika ihu."