Baƙuwar da Ta Zo a Bokiti

Akwai wata tela, matar wani masunci, mace mai son fure kamar me. Gidansu na kusa da tafki, bayan katangarsu kuma magudana ce da ke kai ruwan unguwa har can. Wata shekara ta je wani gari duba 'yarta da ta haihu, sai ta ga wani tsiro a gidan maƙwabta yana yawo a kan ruwa, ganyensa na sheƙi kamar an shafa mai, furensa shuɗi mai ɗigon rawaya. Ta roƙi guda biyu, ta taho da su a bokitin fenti.

Ta zuba su a tsohon baho kusa da keken ɗinkinta. Kafin sati uku biyu sun zama takwas, kowace uwa ta miƙa hannu ta ajiye ɗiya a gefe. Baho ya cika. Ita kuwa ba ta iya kashe abu mai rai, sai ta riƙa tsame rarar tana cillawa ta bayan katanga, tana cewa, "Ku je ku nemi rabonku."

To, sun nema kuwa. Damina biyu, tafki ya rufe ruf, kore shar kamar filin ƙwallo. Badon da ke buɗe farin fure da safe ya ruɓe a ƙasa don rashin rana. Agwagin ruwa suka ƙaura. Kifi ya riƙa tasowa ciki sama, kwalekwale kuma sai a tura shi da kyar kamar jaki mai gardama. Masunta suka sa wa ciyawar suna Baƙuwa.

Ranar da tela ta leƙa bakin ruwa ta ga furen nan shuɗi, nan take ta gane shi. Ta koma gida ta kifar da bahon a kan simintin bayan ɗaki, ba ta gaya wa kowa ba. Kwana uku a rana, abin ya bushe ƙayau kamar takarda.

Kullum da la'asar ƙanin mijinta, wanda ake kira Gajere duk da ya fi kowa tsawo, yakan shigo ya zube a kan benci yana fifita da hula.

"Matar Yaya, ba ni ruwa. Wallahi duk ranar da na kama wanda ya kawo mana Baƙuwa, sai ya cinye ta tas, ba gishiri!"

Sai tela ta ƙara taka keke da ƙarfi. Maigidan kuwa yana dai gyaran komarsa ta kamun kifi, wadda ta fi wata ba ta jiƙe ba.

Ran nan ya rataye komar a ƙusa, ya ce, "Uwar yara, babban ɗanki ya sake kira. Ya ce ɗaki na nan a wurinsa a birni. In damina ta faɗi ban ga ruwan tafkin nan da idona ba, mu tattara."

Mutumin da ya shekara arba'in a kan ruwa, a ce ya je ya zauna a bene yana kallon motoci! Ta san ba zai daɗe ba.

Washegari ta kai wa masunta ruwan sha bakin tafki, abin da ta daɗe tana gudu. Ta tarar da maza wajen goma, har da maigidan da Gajere, cikin ruwa har ƙugu, kowa da adda, suna ta sara, suna barin gutsattsarin a nan suna yawo. Ta tsaya da jarka a hannu. Ita da ta yi renon abin nan shekara biyu, ta san duk guntun da ya tsira da cibiyarsa uwa ce gobe. Amma in ta faɗa, za a tambaye ta inda ta sani.

Ta ajiye jarkar.

"Gajere, ku daina sara! Aurar da ita kuke yi. Kowace ɗiya kun raba ta da uwarta kun ba ta ɗakinta."

Gajere ya share gumi. "Ikon Allah. Yaushe tela ta zama malamar gona?"

"Tun da na rene ta a baho. Ni na kawo ta. Ni na riƙa zubawa a magudana."

Wani tsoho ya ce, "Innalillahi." Gajere ya dubi yayansa. Ita kuwa ba ta iya duban mijin ba, sai gefen zanenta take murzawa.

Maigidan ya fito daga ruwa a hankali, ya ɗauki kofi ya sha.

"Ai ni na ɗauko bokitin daga tasha," in ji shi. "Har ya jiƙa mini wando."

"Malam, ka sani? Ka yi shiru duk watannin nan?"

"Na ga bahon a kife, na ga kin rame. Me zan ƙara miki? Yanzu dai faɗa mana, me ke kashe ta?"

Ta share ido da bayan hannu. "Rana. A tsamo ta ɗungurungum har saiwa, a kai ta inda ba laima, kwana uku. Kar a bar ko guntu a bakin ruwa."

"To, matar Yaya," in ji Gajere, "na yafe miki cin, amma ga manjagara."

Ba zan ce muku abin ya zo da sauƙi ba. Wasu sun yi sati ba su amsa gaisuwarta. Amma aka ajiye adduna. Aka jera gora a kan ruwa aka killace kusurwa ɗaya, don iska kar ta sake turo ciyawar, aka riƙa jan ta da manjagara ana lodawa a baro zuwa kan fako. Tela ta bi gida-gida tana karɓar tsofaffin gidajen sauro, ta haɗa su a keke riɓi uku, aka ɗaure a bakin magudana don tare duk guntun da ruwa zai kwaso. Matan da suka zo kawo nasu suka ga tana tura baro da kanta, sai ɗaya ta ɗaura ɗamara, sai biyu. Kusurwar ta kai faɗin tsakar gida, daga baya ta ninka. Ƙanana na sake tsirowa daga irin da ya kwanta a laka, don haka duk ranar da ba ta da ɗinkin gaggawa tana can tana tsince su kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

Ana saura kwanaki ruwan farko ya sauka, maigidan ya shigo da hantsi, ƙafa duk laka.

"Uwar yara, bar ɗinkin nan ki zo."

Ya kai ta kusurwar da aka fara sharewa. Ganye uku ne a kwance a kan ruwa, zagayayyu, ko tafin hannu ba su kai ba. Bado. A ƙarƙashinsu 'yan kifaye kamar allura suna wulgawa. Sauran tafkin har yanzu kore ne, aikin shekaru na gaba, amma ya tsuguna ya daɗe yana kallo.

Da suka koma gida ya sauke komar daga ƙusa, ya ce ta kira masa yaron a waya.

"Me zan ce masa?"

"Ki ce ya ba wani ɗakin. In kuma zai zo gaishe mu, ya zo da tsohon wando, akwai aiki a tafki."

Gajere ya leƙo ta ƙofa. "Matar Yaya, an ce za ki sake zuwa ganin jika. Don Allah wannan karon ki kawo mana sabulu."