Takunkumi na Uku

Tun da yaƙi ya shiga shekara ta biyu, makarantar koyon tuƙin jiragen soja ta koma tamkar gidan burodi: a cusa ɗanye, a ciro shi da sauri, ya gasu ko bai gasu ba. Karatun shekara guda aka matse cikin wata huɗu. Rediyoyin jiragen koyo duk an kwance an kai bakin daga, aka bar ɗalibai da kallon tuta. Mutum bakwai aka binne cikin wata biyu, kuma ko ɗayansu bai taɓa ganin abokin gaba ba.

Saje shi ne babban makanikin rumfa ta biyu. Shekara ashirin da uku yana fama da baƙin mai, amma abin da ya fi tsananta wa yaransa a kai ba inji ba ne, takunkumi ne. Wasu 'yan katakai ne guda uku da ake cusa wa jirgi idan yana ajiye, biyu a fukafukai, ɗaya a wutsiya, don kada iska ta yi ta kaɗa sassan da ke motsi. Kowanne da jan ƙyalle a ɗaure, da lambar jirginsa a rubuce. Kafin tashi makaniki zai zare su, ya tsaya gaban matuƙi ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, matuƙi yana ƙirgawa da yatsa, sannan a rataye su a ƙusar jirgin da ke bangon rumfa. Jirgin da ya tashi da takunkumi a wutsiya, hancinsa zai yi sama ya ƙi dawowa, har ya rikito.

Haka jirgi lamba tara ya yi jiya. Ɗalibin da ke ciki, wanda ake ce wa Mai Fito don bakinsa ba ya hutawa, ya shiga jirgi Kwamanda yana tsaye yana buga agogonsa da yatsa. Saje ya ɗaga takunkuman a dunƙule, ya cusa su a aljihu, ya ba da hanya. Minti biyar bayan nan babu abin da ya rage sai ƙarfen inji da toka. Da yamma ya zaro abin da ya zaro daga aljihu, ya maƙala a ƙusa kansa a sunkuye. Kwamanda ya rubuta cewa kuskuren ɗalibi ne. Saje bai yi musu ba, amma tun daga lokacin, in zai wuce ƙusar lamba tara sai ya kau da kai. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Yau kuwa Auta ne zai tashi shi kaɗai karon farko, a lamba goma sha huɗu. Ɗan yayarsa ne, wanda ta damƙa masa a ƙofar gida tana cewa, "Ga shi nan, yadda na ba ka shi haka nake so ka dawo mini da shi."

An yi ruwa da asuba, fili duk ya jiƙe. Auta ya iso yana gyara hular fata, baki har kunne.

"Kawu, in na wuce ta saman rumfarka ka cire hula ka gaishe ni."

"In ka wuce ta saman rumfata ni zan fara kai ƙararka. Zagaye uku, ka sauko. Ban da iyayi."

"Mama ta ce wai a hoton da na aika mata ka rame."

"Ita ta ramar da ni, da ta ba ni amanar ɗan da kunnensa na ƙashi ne. Hau."

Saje ya zare takunkumin hagu ya sa a aljihu, ya zagaya ya zare na dama. Ya nufi wutsiya ke nan Kwamanda ya ƙwala masa kira daga mota, yana tambayar dalilin da ya sa lamba shida bai fito ba har yanzu. Ya je ya ƙame, ya yi bayanin famfon mai, ya sha faɗan da ya saba sha. Da ya dawo injin Auta ya riga ya kama. Ya sa hannu a aljihu, ya ji katako uku, hankalinsa ya kwanta. Ya tsaya gaban jirgin ya ɗaga su a tsanake, ɗaya bayan ɗaya, yadda ya yi wa kansa alkawari da safe. Auta ya ƙirga da yatsa, ya sara masa, jirgi ya gangara ya nufi bakin titin tashi.

Saje ya koma rumfa yana share hannu. Ya rataye na farko, goma sha huɗu. Ya rataye na biyu, goma sha huɗu. Ya juya na uku.

Tara.

Na jiya ne ya kwana a aljihunsa. Na wutsiyar Auta yana nan inda yake.

Ya leƙa waje. Jirgin ya yi nisa, ya kusa kwanar ƙarshe. Hasumiyar mai tuta tana can ɗaya ɓangaren, kafin ya kai an gama komai, kuma ihu ba ya keta ƙarar inji. Keken masinjan ofis yana jingine a bango. Ya finciko takunkuman biyu da ya rataye yanzu, ya haɗa da na hannunsa, ya haye keken, ya yanki ciyawa ya nufi tsakiyar titin. Doka ta ce duk wanda ya taka titin tashi ba da izini ba, kotun soja ce makomarsa. Shi ya sha karanta wa sababbin makanikai wannan dokar.

Saura abu ɗaya da zai iya ceton yaron. An koya wa kowane ɗalibi ya kaɗa sandar tuƙi gaba da baya kafin ya saki birki, in ta ƙi motsi ya san da matsala. Saje yana taka feda yana magana shi kaɗai.

"Kaɗa sanda, Auta. Don Allah kaɗa sanda."

Amma ya san ɗalibai. Ranar tashin farko, in suka hango koriyar tuta, ko sunan uwarsu ka tambaye su sai sun yi tunani. Jirgin ya juyo ya daidaita hanci. Koriyar tuta ta ɗaga. Ƙarar injin ta canza.

Tayar keken ta nutse a taɓo, ya wuntsila ta gaba. Ya miƙe da gwiwa a fashe, ya ci gaba da ƙafa. Shekara hamsin da ɗaya da taba sun taru sun danne masa ƙirji. Ya taka kwalta jirgin ya riga ya taso, yana girma a idonsa. Nan ma sai da ya yi lissafi, don hancin jirgin yana tare wa matuƙi gaba, kuma ɗalibai ta hagu suke leƙowa. Ya matsa taku uku zuwa inda idon Auta zai faɗa, ya ɗaga jajayen ƙyallayen da hannu biyu, ya kafe. Tsoro ya kama shi. Ya ga farfela, ya ga hular fata ta leƙo, ya rufe ido.

Ƙarar ta mutu. Birki ya yi kuka, iska ta buge shi ya faɗi zaune, fiffike ya wuce ta saman kansa. Jirgin ya kauce cikin ciyawa, ƙafa ɗaya ta karye, farfela ta daki ƙasa ta tarwatse, ya tsaya a karkace. Saje ya jira wuta. Wuta ba ta tashi ba.

Auta ya diro da jini a leɓe, a fusace.

"Kawu, ka haukace ne? Saura ƙiris in raba ka biyu. Me zan gaya wa Mama?"

Motar Kwamanda ta iso kafin Saje ya amsa. Ya ɗingisa zuwa wutsiya, suna biye da shi. Ruwan asuba ya jiƙa jan ƙyallen ya manne a ƙarƙashi, inda ido ba ya kaiwa. Ya ɓamɓaro shi, ya ja, katakon ya fito. Auta ya dubi katakon, ya dubi ƙarshen titin inda ciyawa ta ƙone jiya, sai ya zauna a ƙasa ya dafe kai.

"Da idona na ga ka ɗaga uku," in ji Kwamanda.

Saje ya miƙa masa na lamba tara. "Na jiya ne, Yallaɓai. Ya maƙale a aljihuna."

Kwamanda ya juya shi a hannu. Shi ma idonsa ya yi ja don rashin barci, kuma ya gaji da rubuta wa iyaye wasiƙa. Ya mayar masa.

"Ka karya mini jirgi, ka taka mini titi. Igiya ɗaya za ta sauka daga hannunka. Amma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Je ka wanke gwiwar nan."

Rumfa babu kowa, duk sun tafi janyo jirgin. Saje ya rataye na goma sha huɗu, uku cif. Saura na hannunsa. Ya daɗe a tsaye kafin ya ɗaga kai ya dubi ƙusar da yake gudu tun jiya. Biyu ya kamata ya tarar.

Ɗaya ne.

Ya duba ƙasa, ya duba bayan tebur, ya zazzage aljihunsa har zare ya fito. Ya sake ƙirgawa kamar yaro ɗan aji ɗaya, ɗaya a ƙusa, ɗaya a hannu. Na ukun ya ƙone tare da Mai Fito. Babu wanda ya sani, wuta ta cinye shaida, takarda kuma an riga an sa mata hannu. In ya rataye wannan ya juya, magana ta mutu.

"Saje, ina kekena?" Masinja ne a bakin rumfa, da jaka a kafaɗa. "Motar gidan waya ƙarfe goma take tashi, ga wasiƙar mahaifin yaron jiya a hannuna."

"Me aka rubuta masa?"

"Abin da aka saba mana. Kuskuren ɗalibi, Allah ya ba da haƙuri."

Saje ya zare na ƙusar ya haɗa da na hannunsa.

"Kekenka yana cikin taɓo. Riƙe wasiƙar nan tukuna, akwai gyara a cikinta."

Ya fita yana ɗingishi ya nufi ofishin Kwamanda, katako biyu a hannunsa, a ware, yadda kowa zai iya ƙirgawa.