Allurar Kasuba

"Ke Mapalo, gyaɗar za ki daka, ba turmin ba! So kike ki fasa mana shi?" in ji wata yarinya.

'Yan matan suka kwashe da dariya. Su shida ne a madafin Namwinga, kowacce ta ɗaura zani a kan siket, gabansu tulin ganyen kabewa. Babu mai zuwa makaranta a cikinsu. Iyayensu, 'yan coci ɗaya a birnin Ndola, sun zaɓi koyar da su a gida don kada duniya ta lalata su. Lissafi da Turanci kowace uwa ta ji da 'yarta, amma ranar Alhamis nan ake haɗuwa, matar fasto ta koya musu girka abin da Ubangiji ya tsiro da shi daga ƙasa: tuwon tamba, wake, dankali, ganye da gyaɗa. Ba farin gari, ba sukari, ba suya.

Namwinga na ƙaunar wannan rana. 'Yarta Kasuba, mai shekara goma sha biyar, tun tana 'yar tara take fama da ciwon sukari, allura safe da yamma. Amma tun da aka fara ajin yarinyar ta yi haske, jirin da kan ɗebe ta da hantsi ya ragu, har likita ya yaba.

Mama Fasto ta buɗe firji za ta ajiye kunun gyaɗa, sai ta tsaya. Ta ɗauko 'yar kwalbar maganin da yatsu biyu, ta jawo Namwinga baranda.

"Maman Kasuba, har yanzu?"

"Likita ya ce ba a dainawa, Mama."

"Likita ne ya halicce ta? Wata huɗu tana cin abinci mai tsarki, kin ga aikin Ubangiji da idonki, amma kina ɓoye shakkarki a bayan tumatir." Ta dafa kafaɗarta, murya a tausashe. "Ba faɗa nake miki ba, 'yar'uwa. Ya riga ya warkar da ita. Ke ce kika ƙi karɓa."

*

Kwana uku maganar na cin Namwinga. Mijinta yana wurin aiki a mahaƙar tagulla, sai ƙarshen wata yake zuwa, kuma ta san abin da zai ce, don haka ba ta kira shi ba. Sai ta tambayi Kasuba.

Yarinyar ta ɗage siket ta nuna mata cinyoyinta, duk tabo da ƙulli. "Mama, babu sauran wurin sokawa. In Yesu ya ce na warke, ni me zan ce?"

Ranar Lahadi Kasuba ta hau gaban coci cikin farar riga, ta ba da shaidar cewa ta warke, ta daina allura. Aka yi tafi, aka yi guɗa. Matan da ba su taɓa kula Namwinga ba suka yi layi suna rungumarta. A hanyar gida ta ji kanta sakayau, kamar an sauke mata dutsen da ta ɗauka shekara shida.

Litinin lafiya. Talata Kasuba ta fara shan ruwa kamar ba za ta ƙoshi ba, tana zaryar banɗaki. Laraba ta kasa gama karatun safe, ta kifa kai a kan tebur. Namwinga ta je gaban firji sau biyu, ta buɗe, ta rufe. Idan ta yi mata allurar, da wane ido za ta kalli mutane ranar Lahadi? Ta kira Mama Fasto.

"Dattin shekara shida ne yake fita. Ki ba ta ruwan ɗumi da lemon tsami. Maƙiyi yakan yi ƙara idan zai fita."

*

Ranar Alhamis darasin miyar wake ne. Kasuba ta matsa sai ta fito, ta zauna a kujera tana tsince waken, idanunta sun faɗa.

"Mai shaida, yau kuma sarauta ake ji? Mu ne bayi?" in ji Mapalo.

Kasuba ta yi ƙoƙarin murmushi, sai amai. Farantin ya kife, waken ya watse har ƙarƙashin murhu. Da Namwinga ta tallafo ta, ta ji numfashinta na fita da ƙarfi, da wani wari kamar na ruɓaɓɓen mangwaro.

"Mama, a nemo mota," in ji Namwinga.

"A nan ake gane bangaskiya," in ji Mama Fasto. "'Yan mata, ku riƙe hannu."

Suka kewaye ta. Tun sha ɗaya suke addu'a da waƙa, har rana ta karkata. Namwinga na durƙushe, kan 'yarta a cinyarta, tana cewa amin da bakinta, hannunta kuwa na jin jikin yana saki. Sai da ta kira sunanta sau uku ba amsa, sannan ta miƙe ta ture da'irar, ta fita titi ba takalmi tana ɗaga wa motoci hannu.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta yi tambaya ɗaya tana neman jijiya. "Yaushe rabonta da allura?"

"Asabar."

Matar ta ɗago ta kalle ta. "Ƙarewa ta yi?"

"A'a. Tana firji."

Matar ta koma kan neman jijiyar. Washegari da hantsi Kasuba ta rasu.

*

Gidan makoki ya cika. Maza na waje ƙarƙashin rumfa, inda mijin Namwinga ke zaune tun da ya iso, bai shigo ba, bai neme ta ba. Mata na zaune a ƙasa a falo, an fitar da kujeru. Namwinga ta jingina da bango, ta lulluɓe kai, suna tsammanin barci take.

"An ce a ɓoye take shan alewa," wata ta raɗa.

"Haba! Shi ya sa. Yaran yanzu, ka yi musu addu'a ta gaba su warware ta baya."

Mama Fasto na kusa da su. Ba ta ce haka ne ba, ba ta ce ba haka ba ne. Ajiyar zuciya ta yi. "Mu dai mun koyar. Sauran yana tsakaninta da Ubangiji."

Aka shigo da abinci, aka bi layi da shi. Mama Fasto ta karɓi nata ta yi godiya a kai, ta ci. Da ta wanke hannu sai ta duba agogo, ta ɗan juya wa mutane baya, ta buɗe jaka a kan cinyarta. Ta ƙarƙashin lulluɓi Namwinga ta ga farar takardar asibiti naɗe da katin ƙwayoyi, irin na hawan jini da surukarta ke sha, rabinsa duk an ɓalle.

Mama Fasto ta ɓallo ɗaya, ta ɓoye a tafin hannu, ta kai baki kamar mai share leɓe. Ta kora da ruwa, ta zuge jakar, sannan ta gyara murya ta ɗauko waƙa. Matan suka amsa.