Zaren Kaset a Gonar Hatsi

"Ba zan bayar ba, Baba."

Hamdiya ta faɗi haka tana zaune a kan akwatin ƙarfen mahaifinta, a bakin ƙofar ɗaki. Baba Jimrau, ƙanen mahaifin, yana tsaye a tsakar gida da rungumen sanduna a kafaɗa. Tun da wansa Rabo ya rasu, ba wanda ya taɓa ce masa a'a a gidan nan.

"Mi kika ce?"

"Na ce ba zan bayar ba."

Jan-baki ne, ƙaramin tsuntsun nan mai cin hatsi, ya sauka a gonakin hanyar Mai Yara, daidai lokacin da zangarniyar hatsi ta yi ido. Mutane suka koma ga tsohuwar dabara: a fasa kaset, a zare baƙin zaren da ke ciki, a ɗaura daga sanda zuwa sanda. Rana ta haska shi ya yi ƙyalli, iska ta kaɗa shi ya yi kuka, tsuntsu ya tsorata. Sai dai kaset ya yi wuya a Dakoro yanzu, kuma kowa ya san akwai akwati guda cike a gidan Rabo Mai Bidiyo.

Shekaru da yawa Rabo ya yi yana yawo da ƙatuwar kamara a kafaɗa. Biki, suna, kokawa, kasuwar dabbobi, ba inda bai shiga ba. Fuskarsa ba ta cikin kaset ko ɗaya, don kullum shi ke bayan kamara. Muryarsa ce kawai take faɗowa jefi-jefi, yana cewa a matsa daga rana, ko yana dariyar wani ɗan kokawa da ya sha ƙasa.

"To raba biyu," in ji Baba Jimrau. "Ɗauki na ubanki, ba ni na bikin mutane."

"Rubutun da ke jikinsu ya goge. Ban san wanne ke da muryarsa ba sai na kalla."

"To kalla mana!"

Ya san inda ya taɓa. Manyeto, injin da ke nuna kaset ɗin, ya daɗe da tsayawa. Robar da ke juya shi ta narke da zafi, kuma mai gyaran da Hamdiya ta aika wa a Maraɗi kullum sai ya ce ana nema. Duk da haka kowace Juma'a tana kwance murfinsa, ta share ƙura da auduga, ta naɗe shi da kamarar a cikin zane. Kaset ɗin kuwa tana jera su a tsaye, ta juya kowanne da yatsa don kada zaren ya manne.

Baba Jimrau ya jefar da sandunan. "Kun ji ƴar lekol, ƴar boko! Abin da ba ya magana, ba ya nuna hoto, shi take gadi, hatsin da za ta ci yana tafiya cikin tsuntsu. Jarrabawar bak ɗin da kika ci, shi za a tuƙa miki?"

"Ban ce kada a kori tsuntsu ba. Ni zan kore shi."

"Ke? Da farasanci za ki kore shi?"

Matan gida suka fashe da dariya. Mahaifiyarta Azumi ce kaɗai ba ta yi ba. Ta matso, ta rage murya. "Ɗiyata, ba shi. Wanda ya tafi ya tafi. Mu ne muke ci daga rumbun nan."

"Inna, ko ke ba ki son ki sake jin shi?"

Azumi ta kau da kai.

Akwai kaset ɗaya a kan tabarma, wanda Hamdiya ta fitar da safe don ta juya. Kafin ta ankara Baba Jimrau ya sure shi. Ya sa wuƙa ya ɓalle murfin, ya kama bakin zaren ya yi ta ja a gabanta, yana naɗewa a gwiwar hannu kamar mai saƙa igiya. Ta zabura za ta tashi, sai ta ga idonsa na kan akwatin. Ta koma ta zauna. Tana kallo har zaren ya ƙare, ya wurgo mata ƙoƙon kaset ɗin a ƙafa.

"Wanga bikin wa ne?" ya ce. "Allah ya ba su zaman lafiya."

Ranar ta sayo kwaɗo ta kulle ɗakin, ta rataya makullin a wuya. Washegari tun da sassafe ta tafi gona da gwangwanaye cike da tsakuwa. Ta ɗaura su a igiya, ta hau tudu tana ja tana ihu. Jan-baki ya taso kamar hayaƙi. Ta kore shi gabas ya sauka yamma, ta ruga yamma ya koma gabas. A kusurwar da Baba Jimrau ya kafa sandunansa zaren yana ta ƙyalli, iska na sa shi kuka. Duk lokacin da ta bi ta wajen sai ta sunkuyar da kai.

Haka ta yi ta yi har hatsi ya nuna. Ƙarangiya ta cinye mata ƙafafu, igiya ta tsaga mata tafin hannu, murya ta dushe har sai ta maimaita magana kafin a ji. Masu wucewa a amalanke suna ɗaga mata hannu: "Sannu, mai gadin matattu!" Ita dai jan igiyarta take yi. In ta dawo gida ba mai miƙa mata ruwa, matan gida kuma sun daina kiranta wurin daka.

Da aka yi girbi, sai aka ga zangarniya da yawa ba ƙwaya, sai ƙaiƙayi. Gonakin maƙwabta ma sun taɓu, masu zare da marasa zare, amma ba wanda ya yarda a yi wannan magana a gidan. Baba Jimrau ya tsaya a gindin rumbu yana raba dami. Ya ba kowane ɗaki nasa. Da ya zo kan na Azumi, sai ya ja dammunan kusurwar da tsuntsu ya fi ci ya tura mata da ƙafa.

"Ga rabon bidiyo."

"Baba, laifina ne, ba na Inna ba," in ji Hamdiya da ƴar muryar da ta rage mata.

"Ba ni da ɗiya mai suna Hamdiya. Daga yau ku dafa naku, mu dafa namu."

Azumi ta durƙusa ta tattara dammunan ita kaɗai. Hamdiya ta miƙa hannu za ta kama mata, ta ture hannun.

Ba ta bayar ba, kuma ba ta ce ta yi nadama ba. Abin da hakan ya ci mata shi ne: an raba musu tukunya, hatsinsu ba zai kai tsakiyar rani ba, kuma uwar da ta haife ta ta daina haɗa ido da ita.