Katakon Tsohon Jirgina

Shekara arba'in da ɗaya ina kamun kifi a tafkin bayan gari da kwale-kwalen katako guda ɗaya. Bara gindinsa ya ruɓe. Na toshe, ya yi yoyo, na sake toshewa. A ƙarshe na jawo shi gida na kifa a bayan ɗaki.

Autata ta ce in huta haka nan, na tsufa. Na ce mata ranar da na daina shiga ruwa a fara yi mini addu'a. Da ta ga ba zan lanƙwasu ba, ta ce ita da mijinta za su saya mini jirgin roba, irin wanda ake hura wa iska, amma ni zan zaɓa.

Muka je shagon da ake sayar da su mu huɗu, har da uwar gidana. Mai shagon ya nuna mana iri biyu. Na farko roba ce a gefe, gindinsa kuwa mai tauri ne kamar faranti. Na biyu roba ne sama da ƙasa, ana sace iskar a naɗe shi cikin jaka.

Ni ba na sayen jirgi sai na ƙwanƙwasa gindinsa na ji muryarsa. Na ƙwanƙwasa na farko, ya amsa. Na ƙwanƙwasa na biyu, shiru.

"Wannan katifa ce," na ce.

"To ai ta dace da kai," in ji uwar gida. "Kullum kana kukan baya."

Na juya wajen mai shagon. Na ce a ba ni mai taurin. Ni a tsaye nake jefa raga, kuma ba a tsayuwa a kan katifa.

Sai mai shagon ya tambaye ni da me zan riƙa kai shi bakin ruwa. Ya ce ba ya naɗuwa, mutum uku ma da ƙyar suke ɗaga shi, sai da ƙaramar tirela da ake ja a bayan mota. Surukina ya yi wuf ya ce ba komai, shi zai riƙa zuwa kowace safiya ya ja mini kafin ya tafi aiki.

Nan na tsaya. Mutumin kirki ne, ba ni da abin cewa a kansa. Amma in zauna a ƙofar gida kullum ina jiran mijin 'yata ya kai ni sana'ata, ran da ya makara in makara, ran da ya yi tafiya in zauna? Gara in bar kifin.

Na koma wajen katifar. Na tambayi mai shagon ko ana iya shimfiɗa mata katako a ciki. Ya ce ana yi, har yana da na sayarwa. Na ce ya riƙe nasa. Na auna cikinta da igiya, na ƙulla alama, muka ɗauko jakar.

Kwana uku na yi a bayan ɗaki da zarto. Gefen tsohon jirgina bai ruɓe ba. Na yanko allo biyar, na goge bakunansu sumul don kada su huda robar. Uwar gida tana zaune tana kallo, tana cewa tsoho yana yi wa katifarsa gado.

Ranar huɗu na zuba jakar da allunan da famfon hura iska a baro, na tura zuwa tafki ni kaɗai. Hura iskar ya ci min rabin sa'a da gumi mai yawa. Na jera allunan, na ƙwanƙwasa. Muryar da na sani ce ta amsa.

Na shiga, na miƙe tsaye. Ya ɗan yi rawa, sannan ya natsu. In iska ta taso yana yawo da ni fiye da yadda nake so, wannan kam gaskiya ne. Amma na jefa raga.

Kafin azahar na dawo da kifi goma sha ɗaya. Na ware manyan guda huɗu na aika wa surukina. Uwar gida ta leƙa cikin baron ta tambaya yaya katifa.

"Jirgi," na ce mata. "Kawo wuƙa."